Wai da gaske akwai tsofaffi matalauta a Ostireliya?

"Salam Anti, ina wuni, ya aiki. Dan Allah tambaya gareni. Na ga wani bidiyo a TikTok an nuna wata tsohuwar Baturiya a Ostireliya wai a cikin motarta take kwana saboda ba ta da kuɗin haya, ni dai ban yarda ba. Ba cewa ake gwamnati na biyan tsofaffinsu albashi ba, kuma asibiti kyauta? Tunda ke da tsofaffi kike aiki a can, da gaske akwai talauci a cikinsu? In akwai me yake musu? Na tambaya ne kuma saboda yayanmu da ke Sidni yana ta maganar ɗauke Hajiyarmu ta koma wajensa gaba ɗaya."

Wa'alaikumussalam ƙanwata, lafiya lau alhamdulillah. Tambayarki uku ce a dunƙule: ko akwai talaucin, me yake yi wa tsoho, sannan maganar Hajiya. Ta farko amsarta eh akwai, kuma mata masu kwana a mota ba labarin TikTok ba ne kawai, na zauna da irinsu a ofis. Aikina a nan yammacin Melbon shi ne ba wa mutane shawara kyauta kan bashi da lissafin kuɗi a wata ƙungiyar agaji, kuma yawancin masu zama a kujerar gabana sun haura sittin. Amma tun daga farko ki riƙe wannan, mai matsala ne yake zuwa wurina, wanda ke cikin rufin asiri ba ya zuwa, toh kar ki ɗauka duk tsohon Ostireliya haka yake. Da yawansu suna zaune lafiya, wasu ma sun fi 'ya'yansu dukiya nesa ba kusa ba. Abin da ya raba wannan da wancan kuwa, in kika bi diddigi, kusan kullum abu ɗaya ne: gida. Wa ya mallaki gidan da yake kwana, wa yake haya.

Abin da gwamnati take bayarwa

Abin da kika ji ba ƙarya ba ne. Akwai fanshon tsufa na gwamnatin tarayya tun 1909, kuma ba sai ka taɓa yi wa gwamnati aiki ba, ba sai ma ka taɓa aikin albashi ba. Sharuɗɗan su ne ka kai shekara 67 (haka yake tun Yulin 2023, da can ƙasa da haka ne), ka zauna a ƙasar shekara 10 a matsayin ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin, sannan a duba abin da ke shigo maka da abin da ka mallaka. Centrelink, hukumar gwamnati mai biyan kuɗaɗen tallafi, ita ce ke biya, duk sati biyu, kuma ana ɗan ƙara shi a watan Maris da Satumba saboda tsadar kaya. A farkon 2025 cikakken fanshon mutum ɗaya dalar Ostireliya 1,149 ne duk sati biyu, mata da miji kuma su biyun a haɗe sun ɗan haura 1,700.

Na san me za ki yi yanzu, za ki ɗauko waya ki buga shi a naira ki ce Anti ai wannan mai kuɗi ne. Kar ki buga. Kuɗin a nan ake kashe shi, a farashin nan.

Bayan fansho akwai abin da suke kira sufa, wato asusun ritaya na dole, mai aikin da ya ɗauke ka shi zai riƙa zuba maka wani kaso a ciki. Gwamnatin Paul Keating ce ta mayar da shi doka a 1992, an fara da kashi 3 cikin 100 na albashi, a hankali a hankali har ya kai kashi 12 a Yulin 2025. Kin ga wanda yake shekara 75 yau, rabin rayuwar aikinsa ta wuce kafin a fara abin, kuma da aka fara ɗin ma ɗan kaɗan ne ake zubawa.

Tsarin ritayar ƙasar nan kamar murhu ne mai duwatsu uku, fansho, sufa, da abin da mutum ya tara da kansa wanda ga yawancin mutane gidansa ne. Tukunyar na zama daram in ukun suna nan. Fanshon tun asali an auna shi ne a kan cewa mutum ya gama biyan gidansa kafin ya ajiye aiki, shi ya sa ma idan Centrelink za ta lissafa dukiyarka ba ta saka gidan da kake ciki, ko da kuwa gidan na dala miliyan biyu ne. Kusan huɗu cikin biyar na waɗanda suka haura 65 suna da gidan kansu, su tsarin yana musu aiki. Sauran ne abin tausayi.

Lissafin mai haya

Bari na yi miki lissafin da nake yi da mutane a takarda kusan kullum. A nan haya a sati ake faɗarta. In muka ɗauki kuɗin farkon 2025, tsohuwa ita kaɗai tana samun wajen dala 575 a sati na fansho. Tunda haya take, ana ƙara mata tallafin haya, wanda ko bayan ƙarin kashi 15 da aka yi a 2023 da na kashi 10 a 2024, iyakarsa ga mutum ɗaya dala 100 da 'yan kai ne a sati. Mu ce 680 kenan duka. Ɗaki ɗaya da falo a unguwannin gefen Melbon ki sa 350 zuwa 450, Sidni kuwa ya fi haka. In ta biya 400 saura 280, a ciki za ta ci abinci, ta biya wuta da gas da waya, ta sayi magani, ta sa wa mota mai ta biya rajistarta da inshora, ko ta hau bas. Maƙwabciyarta mai gidan kanta fanshonsu ɗaya, ita ma tana biyan harajin ƙaramar hukuma da inshorar gida da gyare-gyare, amma abin da ya rage mata a hannu ya kusa ninka na waccan, kuma babu mai turo mata takarda ya ce ta tashi.

Ba ni kaɗai nake faɗa ba. Cibiyar bincike ta Grattan ta fitar da rahoto a 2025 cewa biyu cikin uku na 'yan ritaya masu haya a hannun masu gidaje suna cikin talauci, kuma abin ya fi muni ga matan da ke zaune su kaɗai. Ƙungiyar Anglicare duk shekara tana duba dubban gidajen da aka tallata na haya a faɗin ƙasar ta ga nawa ne mai fansho shi kaɗai zai iya biya ba tare da ya takura ba, shekarun nan abin da take samu bai kai ko kashi 1 cikin 100 ba.

Za ki ce toh gidajen gwamnati fa? Akwai su, kuma wanda Allah ya ba shi ya huta, don haya a can ana yanka ta ne daidai da abin da kake samu, wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Matsalar ba su da yawa, kusan kashi 4 cikin 100 ne na gidajen ƙasar, an daɗe ba a gina su yadda jama'a ke ƙaruwa ba, a wasu unguwannin Sidni layin jira ya wuce shekara 10. Ki ce wa mai shekara 74 ta jira shekara 10.

Game da ma'aunin talaucin kansa, a nan ana cewa mutum na cikin talauci idan abin da ke shigo masa bai kai rabin na mai matsakaicin samu ba. A rahoton 2022 na ACOSS, wato uwar ƙungiyoyin jin daɗin jama'a ta ƙasar, da jami'ar UNSW ta Sidni, layin ya tsaya a dala 489 a sati ga mutum ɗaya, kuma mutum miliyan 3.3 ne a ƙasa da shi, ɗaya cikin takwas kenan. Wani lokaci za ki ga alƙaluman OECD, ƙungiyar nan ta ƙasashe masu arziki, suna cewa sama da kashi 20 na tsofaffin Ostireliya matalauta ne, wannan ki karanta shi da hankali, don kuɗin shiga kawai yake dubawa bai damu da wa ke da gida ba, kuma fanshon yana zaune ne daf da layin, ɗan motsi kaɗan sai dubban mutane su faɗa ƙasa ko su hau sama a takarda. In aka cire kuɗin muhalli aka sake lissafi sai hoton ya fito sosai, masu gida kaɗan ne a cikin talauci, masu haya kuwa sun cika shi.

Me ya sa mata suka fi yawa

Matar da kika gani a bidiyo, in irin waɗanda na sani ce, ba 'yar shaye-shaye ba ce kuma ba ta taɓa kwana a titi ba a rayuwarta. Yawanci mace ce da ta yi aure ta yi renon yara ta yi aikin rabin rana a kanti ko asibiti ko makaranta, ta yi jinyar uwarta ko mijinta, sannan wani abu ɗaya ya faru, saki ko mutuwar miji ko ciwo ko mai gida ya ce zai sayar.

Tarihin ma bai taimake su ba. Har 1966 mace in ta yi aure dole ta ajiye aikin dindindin a gwamnatin tarayya. Hukuncin biyan mace daidai da namiji sai a 1969 da 1972 aka yi shi. Raba sufa tsakanin mata da miji idan aure ya mutu sai ƙarshen 2002 doka ta ba da dama, toh duk wadda aka rabu da ita kafin nan ta tafi ta bar wa mijin asusun da ya tara lokacin da take gida da yara. Kuma har Yulin 2022, in albashinki a wurin mai aiki ɗaya bai kai dala 450 a wata ba, ba dole ba ne ya zuba miki sufa, wa ke irin waɗannan ƙananan ayyukan in ba mata ba? Shi ya sa mace ke isa ritaya da asusu ƙarami ko babu gaba ɗaya, ga shi kuma ta fi namiji tsawon rai. A ƙidayar 2016 an ga matan da suka haura 55 marasa muhalli sun ƙaru da kashi 31 cikin shekara biyar, a ta 2021 kuma mutum wajen 19,000 ne 'yan 55 zuwa sama ba su da muhalli, maza da mata. Kuma ƙidaya ba ta kama kowa ba, don wadda ke kwana a kujerar falon ƙawarta ko take zaman gadin gidan waɗanda suka yi tafiya ba za ta taɓa rubuta kanta a matsayin marar gida ba.

Akwai wani rukunin da nake jin tausayinsu ƙwarai, waɗanda suka tsufa da aiki amma ba su kai fansho ba. Mutum yana 58 ko 61, gwiwa ta tafi ko baya ya riƙe, ko an rage ma'aikata, ya nemi aiki ya gaji babu mai kiran mai furfura. Shi kuɗin marasa aiki zai karɓa, JobSeeker, wajen dala 780 duk sati biyu a farkon 2025, ki kwatanta da 1,149. Shekarun nan kafin 67 su ne ke cinye ɗan abin da mutum ya tara, ya kwashe sufarsa ya biya haya da bashi, ranar da fansho ya zo babu komai a hannu. Na sha ganin mutum yana lissafin watannin da suka rage masa ya cika 67 kamar mai jiran sallama daga asibiti.

Sai 'yan asalin ƙasar, Aborijin da mutanen tsibiran Torres. Tsawon rayuwarsu ya gaza na sauran jama'a da wajen shekara takwas, namijinsu a matsakaici bai cika wuce 72 ba, amma shekarar fansho 67 ce ga kowa. Da yawa cikin dattawansu sun yi aiki a gonakin kiwo da gidajen Turawa a zamanin da hukuma ke riƙe albashinsu, wasu ba su taɓa ganin kuɗin ba, toh me za su tara, me za su bar wa 'ya'ya?

Abin da yake yi wa jiki da zuciya

Talaucin tsoho a nan ba ya bara, shi ya sa baƙo ba ya ganinsa. Za ki ga tsohuwa tsaf da ita, an goge riga an taje gashi, sai kin buɗe takardunta ki ga abin da ake ciki. Haya ake fara biya, kullum, don tsoron kora ya fi tsoron yunwa. Abin da ake ragewa shi ne abinci da ɗumi da magani.

Wata baiwar Allah da ta haura 70 ta zo min da takardun wuta a cikin ledar burodi, a jere, kowacce ta rubuta ranar da ta biya a kusurwa da fensir. Na lura kuɗin gas ɗinta na watannin sanyi, Yuni zuwa Agusta kenan a nan, kusan daidai yake da na lokacin zafi, na tambaye ta ya aka yi. Ta ce ai ba ta kunna na'urar ɗumama ɗaki, ƙarfe biyar na yamma take shiga gado da rigar sanyi biyu da robar ruwan zafi, da rana kuma laburaren unguwa take tafiya ta zauna har a tashi tunda can akwai ɗumi kuma ba a biya. Tana da ciwon gaɓoɓi da hawan jini. Gidajen haya da yawa a nan tsofaffi ne, iska na shiga ta ko'ina, ga raɓa da baƙin naso a bango, kuma ɗan haya na tsoron ya matsa a gyara kar a ƙara masa kuɗi ko a ƙi sabunta masa yarjejeniya. Sanyi a cikin ɗaki yana tayar da hawan jini da ciwon ƙirji, wannan likitoci sun daɗe da sani. Zafi ma haka, a zafin da aka yi a jihar Biktoriya, inda Melbon take, a ƙarshen Janairun 2009 an samu ƙarin mace-mace 374 a kan abin da aka saba, mafi yawansu tsofaffi. Mai na'urar sanyaya ɗaki da yake tsoron kunnawa saboda bil, da marar ita, duk ɗaya ne ranar da zafi ya haura 40.

Asibiti kyauta, eh da gaskiyarki, Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati, tana nan tun 1984, asibitin gwamnati ba a biya, kuma mai katin fansho yana sayen yawancin magunguna a dala 7.70 kowanne. Wannan babbar ni'ima ce ba zan raina ta ba. Amma akwai ramuka. Ba kowane likitan unguwa ne ke karɓar abin da Medicare ta biya kaɗai ba, wasu sai ka cika, likitocin ƙwararru kuwa cikon na iya kai ɗaruruwa, in ba ka da shi ka shiga layin asibitin gwamnati, aikin gwiwa ko na ido a yi ta jira. Mai magani kala takwas ko goma, 7.70 ɗin nan taruwa yake, sai ki ji ana raba ƙwaya biyu ko ana sha yau a tsallake gobe. Babban ramin shi ne haƙori, Medicare ba ta ɗaukar haƙorin manya, asibitin haƙori na gwamnati kuma layinsa sai a shekara ana jira. Kar ki raina maganar haƙori. Wanda bakinsa ke ciwo ba ya cin nama ba ya cin 'ya'yan itace, sai shayi da burodi da biskit, jiki ya rame ƙarfi ya tafi, ya faɗi a banɗaki ƙugu ya karye, daga nan sai gidan kula da tsofaffi. Kuma wanda haƙoransa suka zube yana jin kunyar dariya a cikin mutane, sai ya daina fita.

Wannan daina fitar ita ta fi damuna wallahi. Kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura 65 su kaɗai suke zaune. Zumunci a nan da kuɗi ake yinsa, a haɗu a sha kofi dala biyar ko shida, a je cin abincin ranar haihuwa kowa ya biya nasa, a kai wa jika kyauta. Marar shi ba zai ce ba ni da shi ba, sai ya ce ba na jin daɗi, sau biyu sau uku an daina kiransa. Ga mai haya kuma duk tashi ɗaya yana raba shi da likitan da ya san shi da maƙwabcin da ke leƙo shi da cocinsa ko masallacinsa, ya koma can bayan gari inda haya ta fi sauƙi amma bas sai awa-awa. Kaɗaici na kawo baƙin ciki da rashin barci, yana kuma tafiya tare da ciwon zuciya da saurin rikicewar tunani. A alƙaluman ƙasar nan maza 'yan sama da 85 suna cikin waɗanda suka fi kowa yawan kashe kansu. Allah ya kiyaye.

Za ki ce ina 'ya'yansu? Kar mu yi saurin zaginsu, da yawa suna ƙoƙari, amma su ma haya suke ko bashin gida ya danne su, wani yana birnin Fas can yammacin ƙasar wani yana Landan. Iyayen su ma an tashe su a kan cewa ɗora wa ɗa nauyi abin kunya ne, na ga uwar da ta fi wata tana kwana a mota 'yarta ba ta sani ba, kullum in sun yi waya sai ta ce lafiya lau. Akwai kuma ɗaya ɓangaren mai ɗaci. Binciken ƙasa da aka fitar a 2021 ya nuna kusan ɗaya cikin shida na tsofaffin da ke zaune a gidajensu sun fuskanci wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, kuma sau da yawa daga 'ya'yan cikinsu ne. Wanda na fi gani shi ne uwa ta sayar da gidanta ta ba ɗa kuɗin a kan zai gina mata ɗaki a bayan gidansa ta zauna har ƙarshen rai, ba a rubuta komai ba, sai auren ɗan ya mutu a sayar da gidan, ta tashi ba gida ba kuɗi.

Abin da ake iya yi

A teburina abin da nake fara yi shi ne na duba ko mutum na karɓar duk haƙƙinsa, don za ki yi mamakin yawan waɗanda ba su nemi tallafin haya ba ko rangwamen wuta da ruwa da rajistar mota na masu katin fansho, wani bai sani ba, wani fom ɗin intanet ne ya gagare shi, wani kuma gani yake roƙo ne. Kamfanonin wuta dole ne su kasance da tsarin sassauci ga wanda ya kasa biya, muna kira mu shirya biya kaɗan-kaɗan. In firji ya mutu akwai bashi marar ruwa na ƙungiyar Good Shepherd maimakon masu ba da bashin gaggawa da ke yanka mutane. Mai sauran ƙarfi zai iya ɗan aiki, dala 300 ta farko a sati biyu ba ta taɓa fanshonsa. Mai gida amma babu kuɗin kashewa akwai tsarin gwamnati na karɓar bashi a kan gidan a biya bayan an sayar, sai dai ina cewa a zauna da 'ya'ya da lauya tukuna. Wanda ke gab da rasa muhalli a nan Biktoriya ina tura shi wurin HAAG masu taimakon tsofaffi kan gidaje, ko Wintringham da aka kafa a 1989 musamman don tsofaffi marasa gida. Ga kaɗaici kuma akwai masu kai abinci gida na Meals on Wheels waɗanda sallamarsu a bakin ƙofa wani lokaci ita ce maganar da mutum zai yi da ɗan Adam a ranar, da rumfunan maza inda dattawa ke haɗuwa suna aikin katako suna hira.

Amma gaskiya duk wannan ɗinki ne a kan yagewar da ta fi ƙarfin allurata. Zan iya samo wa mutum dala 30 ko 40 a sati, ba zan iya sauke masa haya ba. A ganina gyaran na gwamnati ne kuma ba ɓoyayye ba ne, a ɗaga tallafin haya sosai, a gina gidajen gwamnati da yawa, a kusanto da JobSeeker zuwa fansho ga waɗanda suka manyanta, a saka haƙorin tsofaffi a Medicare. An taɓa gani ai, da gwamnatin Kevin Rudd ta ƙara wa mai fansho shi kaɗai wajen dala 30 a sati a 2009 talaucin tsofaffi ya sauka. Hana korar ɗan haya ba dalili da Biktoriya ta yi a 2021, jihar Sidni ta bi a 2025, shi ma ya rage fargaba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne masu tasowa, 'yan 45 zuwa 55 da yawa ba su mallaki gida ba kamar iyayensu, wasu kuma za su shiga ritaya da bashin gida a wuya, toh layin da ke ƙofar ofishina tsawo zai ƙara.

Maganar Hajiya

Ni ba wakiliyar biza ba ce, wannan sai yayanku ya zauna da mai lasisin aikin, amma ɓangaren kuɗin na sani kuma ina so ku shiga da ido buɗe. Bizar iyaye ta dindindin tana da sharaɗin a ƙalla rabin 'ya'yan mutum su kasance mazauna Ostireliya, ko waɗanda ke can su fi na kowace ƙasa ɗaya yawa, in ku da yawa kuna gida shi kaɗai ne a Sidni kin ga tun nan an tsaya. Mai tsadar tana cin kusan dala 50,000 kuma duk da haka jiran ya wuce shekara 10, mai arhar kuwa ana maganar shekara 30. In ta samu mai tsadar, yayanku zai sa hannu ya ɗauki nauyinta shekara 10 har da ajiye dala 10,000 a matsayin jingina, fansho kuma sai ta cika shekara 10 da zaman dindindin, kuma babu yarjejeniyar fansho tsakanin Ostireliya da Nijeriya ko Nijar ko Gana da za ta rage mata wannan. Akwai biza ta wucin gadi ta shekara 3 ko 5, amma babu Medicare a cikinta, inshorar lafiya za a saya, ta mai shekaru kuwa da tsada.

Sannan ku tambayi kanku yadda ranarta za ta kasance. Ina ganin dattawan Somaliya da Sudan da Habasha a unguwannin Footscray da Flemington nan Melbon, su ma da suke da jama'a da masallatai da shagunansu kaɗaici na cinsu, balle mu Hausawa da ba mu da yawa a nan. Yayanku da matarsa su fita tun safe, yara na makaranta, Hajiya na cikin gida ita da talabijin da ba ta jin yarensa, babu mai sallama, babu suna babu biki babu islamiyya. Kuma in tsufa ya yi nisa mutum kan koma harshensa na farko, ko tana jin Turanci yanzu zai iya guduwa, a gidan kula da tsofaffi kuwa da wuya a samu mai jin Hausa.

Shi kansa yayan naku ki tambaye shi, cikin ladabi, shekararsa nawa ya fara aiki a can, nawa ke cikin sufarsa, haya yake ko ya fara biyan gida. Wanda ya zo yana 40 da wani abu, yana haya, yana turo kuɗi gida duk wata, shi ne ainihin wanda nake tsoron gani a kujerar gabana nan da shekara 20. In shawarata za a bi, Hajiya ta fara zuwa ziyara ta wata biyu ko uku da inshorar lafiya mai kyau, a lokacin zafinsu wajen Nuwamba zuwa Fabrairu kar sanyi ya wahalar da ita, ta ga wurin da idonta, sannan a tambaye ta ita me take so. Ki gaishe min da ita sosai.